Ranar da Malam Isyaku Bai Tashi Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kwantar da Malam Isyaku Tela a ƙasan wani ɗaki a Sabon Garin Kano ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna jin labarin a gutsure, shi ya sa na ga gara ku ji shi daga bakina, tunda ni na yi masa kwalliya a ranar.

Aikina a fim kwalliya ce, amma ba irin ta amare ba. Ni nake yin rauni da jini. A shekarar da abin ya faru, cikin damina, wani matashin darakta mai suna Nasiru ya kira ni kan wani fim ɗin ban tsoro, labarin wani mutum mai rufe fuska da buhu yana bin ’yan haya ɗaki ɗaki da wuƙa. Ba mu da ƙarfi. Kyamara ɗaya ce, ita ma ta aro. Wuƙar daga tsohon silifas na yanke ta na shafa mata fenti mai ruwan azurfa. Ƙarar suka kuwa kankana muke caka wa wuƙar kicin a gaban makirfo. Jini zoɓo ne da sitaci da sukari da ’yar kalar kek, rauni kuma auduga ce da gam. Masu tace finafinai ba sa barin a nuna wuƙa tana shiga jiki, saboda haka inuwa muke ɗauka a bango, sannan mu nuna gawa. Ke nan duk nauyin fim ɗin yana kan mai fitowa a gawa.

Malam Isyaku tela ne a Fagge, abokina tun muna samari. Bai taɓa samun babban matsayi a fim ba, amma babu wanda ya kai shi iya mutuwa. Zai kwanta, ƙuda ya sauka a leɓensa bai motsa ba. Har laƙabi aka sa masa, Gawa, kuma yana amsawa da dariya.

Akwai dokar aiki da dole in bayyana wa wanda bai san harkar ba. Idan kyamara ɗaya ce, fitowa guda sai an ɗauke ta ta ɓangarori da yawa: daga ƙofa, daga sama, daga kusa. Idan gawa ta motsa a tsakani, hannu ya sauya wuri ko jini ya goge, hotunan ba za su haɗu ba, sai an sake komai. Don haka dokarmu ita ce gawa ba ta motsi, ba ta magana, ko da an tsayar da kyamara, sai darakta ya kira sunanta. Mu ma ba ma yi mata magana, don kada mu ba ta dariya.

Gidan da muka yi aikin na wani ɗan kasuwa ne, Oga Emeka, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ni. Ya ba mu ɗakin sama wanda ba kowa a ciki. Matarsa, Madam Ngozi, nas ce, tana da kemis a ƙasa.

Bayan sallar azahar na zaunar da Malam Isyaku na yi masa yanka a wuya, daga ƙarƙashin kunne zuwa maƙogwaro. Ina manna audugar yana shafa ƙirji.

“Garba, ƙwannafi ya dame ni tun safe,” in ji shi. “Wainar matar nan ta bakin titi ce.”

“Kai dai ka ci ta bati,” na ce.

“To yi sauri in kwanta. Yau sai Nasiru ya biya ni kuɗin barci.”

Ya kwanta, na zuba masa jinin, na gyara hannunsa yadda darakta yake so. Aka fara.

Mun daɗe. Janareto ya mutu aka gyara, mai fitowa a makashi ya yi ta kuskuren shigowa. Ni ina tsugune a gefe da mafici ina kore wa Malam Isyaku ƙuda tsakanin ɗauka da ɗauka. Da aka zo hoton kusa, Nasiru ya leƙa kyamara ya girgiza kai.

“Ku zo ku ga aiki,” ya ce a hankali. “Ko cikinsa ba ya ɗagawa. Mutumin nan ya fi ƙarfin Kano.”

Muka leƙa, muka yaba. Ni ma na yaba.

Da aka kira la’asar Nasiru ya tafa hannu. “Shi ke nan. Gawa, tashi a yi salla.”

Bai tashi ba. Aka yi dariya, don yakan yi mana haka. Wani ya ce a kawo waina a gani. Na kama ƙafarsa zan ja, sai na ji ta da sanyi.

Aka kira Madam Ngozi. Ta hau da gudu, ta tsaya a bakin ƙofa ta kama baki, sai da na ce mata zoɓo ne. Ta durƙusa ta duba wuyansa ta ɗaya gefen, ta buɗe idonsa, ta sa abin awo a ƙirjinsa. Ta daɗe tana saurare. Sannan ta ɗago ta dube ni.

“Malam Garba, ya tafi. Ba yanzu ba ma.”

Aka ɗauki salati ƙasa ƙasa. Nasiru ya ce a ɗauke shi a kai asibiti. Mutum huɗu suka kama shi, har sun nufi matakala, sai ga Oga Emeka ya tare ƙofa da hannuwansa biyu.

“Ina za ku da shi haka?”

“Oga, matsa mana,” in ji Nasiru.

“Darakta, dubi wuyansa. Dubi rigarsa. Ka san unguwar da kake? Idan kuka fita da shi haka daga gidana, kafin ku kai shataletalen Bata labari ya riga ku cewa mun yanka Bahaushe. Wa zai tsaya ya ji zoɓo ne? Ina da yara a gidan nan, ku ma kuna da su a Fagge.”

Muka dubi Malam Isyaku kamar ba mu taɓa ganinsa ba. Mu mun saba da jinin har ba ma ganinsa. A waje kuwa titi cike yake da masu babur da masu talla, kowa da waya a hannu.

Aka koma da shi cikin ɗakin aka shimfiɗe shi. Oga Emeka ya ce wa mai kyamara ya kunna, ya ɗauki komai, don kada gobe a ce mun ɓoye wani abu. Sannan ya juyo gare ni. “Kai ka sa, kai za ka cire.”

Madam Ngozi ta kawo ruwan ɗumi da man gyaɗa da lemon tsami. Ta miƙo sabulu na ce a’a, sabulu yana mayar da zoɓo shuɗi, sai ya zama kamar shatin duka. Na jiƙa gam ɗin da mai, na riƙa ɗaga audugar kaɗan kaɗan. Sau da yawa na cire masa irin wannan, kuma kullum sai ya zage ni wai ina tuge masa gemu. Ranar na bi a hankali fiye da kullum. Da audugar ta fita, wuyansa ya fito lafiya ƙalau, na juya shi wajen kyamara. Abin da kyamarar nan ta ɗauka na ƙarshe a fim ɗin ke nan.

Muka cire masa rigar, muka sa masa kaftaninsa da ya rataye a ƙusa. Oga Emeka ya kawo sabon zanin gado ya rufe shi, ya fito da motarsa ya tuƙa da kansa. Muka bi ta cikin mutane, babu wanda ya waiwayo. A asibiti likita ya ce zuciya ce.

A Fagge, wajen wanka, yayansa Alhaji Sabo ya ga ɗan ja da ya rage a bayan kunnensa, ya tambaye ni. Na faɗa masa komai, na ce akwai hoto idan yana son gani. Ya ce ba ya so, ya isa. Oga Emeka yana tsaye a ƙofar gida har aka fito da makara. Fim ɗin bai fita ba. Nasiru ya ce ba zai iya zama ya tantance wane hoto ne aka ɗauka Malam Isyaku yana da rai ba, kuma babu wanda ya matsa masa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mu masu wannan sana’a mun horar da idonmu ya ga mutuwa ya ce ta yi kyau. Wanda ya ga abin da ke gabanmu a ranar ba ɗan fim ba ne. Shi ya sa kuke ganin duk inda nake aiki, da an tsayar da kyamara sai na taɓa ƙafar mai fitowa a gawa, kuma dole ya motsa mini babban yatsa. Daraktoci suna ƙorafi wai ina ɓata musu hoto. Ku bar su su yi. Idan kun taɓa, ku jira yatsan.