Baba Gausu Ya Koma Gefen Titi

Baba Gausu ya kusa shekara talatin yana tuƙa motar hayar da ake kira trotro tsakanin Ayigya Zango da Kejetia, kuma bai taɓa lissafa mai keke cikin mutane ba. A wajensa titi na mota ne, mai keke kuwa ɗan ƙafa ne da girman kai ya kama. In ya hango ɗaya, ba ya ɗaga hannu daga kan ham sai ya ga ya faɗa ciyawa.

Da idonsa ya fara raguwa, mai motar ya karɓi makullinsa cikin ladabi. Wani surukinsa ya samo masa aikin tsaron rumfar katako a Anloga. Wurin ba nisa, amma Baba Gausu ya kasa zaman fasinja. Tun daga tasha yake gyara wa direba tuƙi, har direbobi suka fara wuce shi in sun gan shi a bakin hanya. Sai ya koma tafiya a ƙafa.

"Malam, ka sayi keke mana," in ji matarsa Barkisu, mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar gida.

"Ni?"

"To wa? Ai ba ƙafafuna ke kumbura ba."

Sai da ya bari maganar ta yi sanyi, sannan ya tafi Suame wajen Abdul-Wadud mai sayar da tsofaffin kekuna. Ya doki taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi kamar zai ga inji.

"Jikana nake nema wa," ya ce.

Abdul-Wadud ya dube shi sama da ƙasa. "Jikan naku tsayinku ɗaya, Baba?"

"Kusan haka."

Wanda aljihunsa ya iya ɗauka na mata ne, shuɗi, mai kwando a gaba. Abdul-Wadud ya ce wannan ba ya kama jallabiya, in jikan yana sa ta. Baba Gausu ya sa aka ƙara madubi biyu, ya turo shi har gida.

A filin makarantar unguwa ya koyi hawa, bayan asuba, lokacin da yake ganin ba kowa. Matan da ke zuwa ɗebo ruwa sun ga kowace faɗuwa, sun kuma kai wa Barkisu labari.

Ranar da ya fara fita babban titi, wata trotro ta danna masa ham har ya gangara kwata.

"Tsoho, titin ubanka ne?" direban ya leƙo yana faɗa.

Abdul-Fatawu ne, tsohon yaron motarsa. Da ya gane wanda ke cikin kwatar, sai ya sauko da gudu yana kakkaɓe masa riga.

"Wa ya koya maka wannan rashin kunya?" in ji Baba Gausu.

Abdul-Fatawu ya sunkuyar da kai, ya shiga miƙe masa madubi.

Yanzu Baba Gausu ya gwanance. Ran Lahadi har Asawase yake zuwa gaida abokai. Barkisu kuwa ta lura ɗaliban jami'ar da ke sayen abincinta a kan hanyar Anloga suke, saboda haka kullum da safe takan cika masa kwando ya kai musu. Ɗaliban suna yabonsa, sun ce bai taɓa makara ba, sai dai miyar takan zube.