Tsagar Kakar Baƙin Bature

Ni wanzami ne ɗan wanzami, kuma a ƙuruciyata babu abin da nake taƙama da shi kamar karanta fuska. Mutum zai zauna gabana, kafin in jiƙa masa kai na riga na faɗa masa garin ubansa daga tsagar kuncinsa. Lokacin Tudun Wada sabuwar unguwa ce a bayan ganuwar Zariya, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa ba, kullum sai ya zubo mana baƙi. Ina shimfiɗa tabarmata ƙarƙashin wata ɗorawa, in ajiye zabira, in yi ta canki-canki da fuskokin mutane, ana dariya ana yaba mini, ni kuwa kaina na ta kumbura.

Wata Lahadi da hantsi wani mutum ya zo ya tsaya kaina. Baƙi ne wuluk, ya fi ni baƙi, ya kai sa'an babban yayana, ga furfura ta fara keto masa. Amma wando ne a jikinsa irin na Turawa, da takalmi sau-ciki da malafa. Na dubi fuskarsa na ga wayam, ko bille babu. Na ce Bayarabe ne, ya girgiza kai. Na ce to mutumin Saliyo ne, irin akawunan nan, ya sake girgiza kai. Da Hausarsa ta leburorin reluwe, wadda ba ta san mace ba ta san namiji ba, ya ce shi mai gyaran kan jirgi ne, kuma daga Barbados ya zo. Ban taɓa jin garin ba, sai na ɗauka wani ƙauye ne a bayan Ikko. Mutanen unguwa ba su wahalar da kansu ba, suka sa masa Baƙin Bature.

Ya zama duk Lahadi sai ya zo aski, ina aski yana ba ni labarin ƙasarsu, kullum kuma sai na tashi da ciwon kai. Wai ƙasa ce ruwa ya kewaye ta ta ko'ina, mai ƙarfin tafiya zai iya keta ta a ƙafa a wuni guda. Na tambaye shi ina suke bi da jakunansu in za su fatauci, ya ce babu inda ake bi sai jirgin ruwa. Ni da iyakar ruwana kogunan Kubanni da Galma, na kasa gane yadda mutum zai kwanta barci ruwa na gabansa ruwa na bayansa. Ya ce ta gabas tekun faɗa yake yi da duwatsu dare da rana, ta yamma kuwa lumui yake, har kana hango ƙafarka a ciki. Ya ce rake ne ko'ina iyakar ganinka, ana matse shi a wasu dogayen gine-gine masu fukafukai da iska ke juyawa, in an gama yankan rake a yi biki da kiɗa. Duk na haɗiye waɗannan. Ranar da ya ce suna da kifi mai tashi sama kamar tsuntsu, sai na ɗaga askata na roƙe shi ya bari in gama tukuna, kada dariya ta sa in yanke shi.

Abin da ya fi rikita ni shi ne da na tambayi asalin mutanen wurin. Ya ce daga nan ƙasashenmu aka kwashe su, bayi, aka kai su noman rake. Maganar ta taɓa ni, domin kasuwar bayi ta birni ba ta daɗe da mutuwa ba, na gan ta da idona, kuma kakana ma ya mallaki mutum biyu. Mu a saninmu bawa arewa ake yi da shi ko a kai shi rinji noma. Ban taɓa tunanin akwai waɗanda aka bi da su ta ruwa har jikokinsu suka dawo suna gyara wa Bature jirgi ba. Kunya ta kama ni, ban kuma san ta mece ce ba.

Wata rana matata ta aiko mini da tuwon masara da miyar kuɓewa yana nan, na yi masa tayi don ladabi kawai. Sai ga shi ya wanke hannu ya zauna. Ya kai loma biyu ya tsaya, ya ce abincin gidansu ke nan, sai dai su a tukunya ɗaya suke tuƙa garin da kuɓewar. A ranar ya ciro wata takarda daga aljihu, ta sha ninki har ta fara rabewa. Fuska ce aka zana, da tsaga uku a kowane kunci da wata gajera a goshi. Ya ce kakarsa ce, wadda aka kai tsibirin tana 'yar ƙanƙanuwa, ba ta tuna sunan garinsu ko na uwarta ba. Ya san ta yana yaro, shi ya zana da hannunsa. Uwarsa na can da rai, ta tsufa, kuma da zai taho abu ɗaya ta roƙe shi, ya samo mata sunan garin. Saura wata biyu aikinsa ya ƙare a mai da shi gida.

Da ina da hankali da na ce zan tambaya. Sai na bugi ƙirji na ce wannan ai aikin kwana uku ne.

Na kwana ina juya tsagar nan a kaina, ta ƙi zama ko'ina. Ta kunci ta yi kama da ta wasu, ta goshi ta yi kama da ta wasu daban, ban taɓa ganin su a fuska ɗaya ba. Girman kai ya hana ni zuwa wurin mahaifina, wanda ya ajiye aska saboda ido, yana zaune cikin birni. Na bi tsofaffin fatake a zango. Ɗaya ya rantse Banufiya ce. Wani ya ce ƙarya ne, Bakabiya ce, ya ga irinta a Argungu. Wata tsohuwa mai sai da daddawa ta ce Gwari ce ko tantama babu, ta kuma ce in sayi daddawa tunda na tsai da ita. Kowace Lahadi mutumin nan zai zo ya zauna, ba ya tambayata, sai dai ya dube ni, ni kuwa in ce ana nan ana bincike. Har na yanke shawara in zaɓi gari ɗaya in ba shi. Wa zai ƙaryata ni a tsakiyar teku? Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in tuna tsohuwar uwarsa da ke jira, bakin ya mutu.

Saura mako guda na sauke girman kan, na ɗauke shi muka shiga birni. Baba na zaune a zaure. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo mu. Tunda ba ya ganin takarda, sai ya kama yatsana ya ce in bi masa tsagar a kan fuskarsa. Na bi. Ya sa na sake. Bai ambaci gari ko ɗaya ba, ya juya wajen baƙon.

"Kunnenta fa? Lafiyayye ne?"

Mutumin ya yi turus. Ya ce a'a, na hagu an ɗan yanke masa baki daga sama. Bai zana ba ne don su a gidansu sun san wannan aikin ubangijinta ne, shaidar da ake yi wa bayi, ba su son tuna shi.

Baba ya ce, "Ba ubangiji ba ne. Wanzami ne ya yi, kuma uwarta ce ta sa shi. 'Yar wabi ce."

Ashe na san abin, ni ma na taɓa yin irinsa, amma ƙaramin sani ya rufe mini ido. Baba ya bar mini bayanin, na yi ta lalubo Hausar da baƙon zai gane. Na ce akwai macen da in ta haihu ɗan ba ya zama, ta binne ɗaya, ta binne biyu, ta binne uku. In ta sake haihuwa sai a ɗan yanki kunnen jaririn, wani lokaci a yi masa tsagar da ba ta gidansu ba, a haɗa ta nan da ta can, don abin da ke ɗauke mata 'ya'ya ya zo ya kasa gane shi ya wuce. Da gangan aka yi tsagar nan don kada ta nuna gida.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya tambaya ko ke nan babu garin. Na ce akwai, amma ni ban san shi ba, Baba bai san shi ba, kuma babu wanzamin da zai sani. Ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba, na ji kamar ni na ɓatar da garin.

Ya ce da Baba, "Faɗa mini kuma. Don me uwa ya yanka?"

"Don ta zauna. Don kada ta mutu ta bar ta."

"Bai mutu ba," in ji shi. "Ya tsufa, haƙori duka ya zube. Ya haifi takwas."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To magani ya ci. Uwar ce dai ba ta samu labari ba."

Muka fito ta Ƙofar Doka. Da muka iso gindin ɗorawa ya zauna a tabarma ya cire malafa, ko da yake ba ranar askinsa ba ce. Na jiƙa masa kai na fara. Da na zo wajen kunnen hagu sai ya ɗaga hannu ya riƙe shi, na tsaya da aska a sama ina jira, ya daɗe bai saki ba.

Ranar Laraba jirgi ya tafi da shi. Ban san abin da ya faɗa wa uwarsa ba, ban ma san ko ya same ta da rai ba. Na yi shekara arba'in ina aski bayan wannan, kuma ban sake faɗa wa kowa garinsu ba sai in shi ya fara faɗa mini.