Tarin Masu Turara Shinkafa

Ko da zan manta da komai na aikina, ba zan manta da ranar da na tsaya gaban kawuna a zauren meri, wato ofishin magajin garin Malanville, na faɗi abin da ya hana ni faɗa ba.

Lokacin ban daɗe da fara aikin jinya a likita, wato asibitin garin, ba. Aka sa mu binciken lafiyar mutanen gari rukuni-rukuni: 'yan kasuwa daban, masunta daban, 'yan kabu-kabu daban, mata masu turara shinkafa su ma daban. Muna sauraren ƙirji, muna auna numfashi, muna tambayar kowa abin da ke damunsa. Da aka haɗa sakamako, abu ya fito fili. Tari da ciwon ƙirji sun yi wa masu turara shinkafa katutu, alhali matan attajirai da ke zaune a unguwar da suke aikin lafiyarsu ƙalau. Ni ban yi mamaki ba. Na shiga rumfunan da ake turarawa, na ga matan da ke zuwa daga ƙauyen Garou suna yini kan tukwane cikin hayaƙi, rufin kwano ƙasa-ƙasa, babu taga ko ɗaya.

Rumfa mafi girma kuwa ta kawuna ce, yayan innata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. Kuma ni aka zaɓa in yi wa jama'a bayani da Hausa.

Ana gobe taro ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Ɗiyata, in kin tashi, ki ce mutane na tari, ki tsaya nan. Mi ya kawo zancen rumfa? Ciwo daga Allah yake, ba ya zaɓe."

Na ce, "Kawu, ciwo daga Allah yake, amma hayaƙin daga murhunku yake fitowa."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Inna ta biyo ni har ƙofa tana roƙona kada in raba ta da ɗan'uwanta. Roƙon nan ya fi faɗan kawu yi mini nauyi.

A taron, kawu na gaba cikin manyan kasuwa, matan suna can baya kan tabarma. Ina buɗe baki sai wata dattijuwa cikinsu ta sarƙe da tari, har sai da aka riƙe ta. Duk zauren na jiran tarin ya lafa. Daga nan tsoro ya bar ni. Na faɗi su wa ciwon ya fi kamawa, na faɗi inda suke shaƙarsa. Ban kira sunan kowa ba, amma kawu ya kaɗa babbar rigarsa ya fita.

Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, an yi bukukuwa a dangi ba a gaya mini ba. Amma da kakar shinkafa ta zo, matan suka haɗa kai suka ƙi hura wuta sai an ɗaga rufi an fasa tagogi. Aka yi ta ja, shinkafa na jibge, har masu rumfa suka sauko. Dattijuwar nan ba ta kai wannan kakar ba, Allah Ya jiƙanta.

Abin da na koya shi ne, auna ciwon mutane ba wuya. Wuyar tana wajen faɗin wanda ciwon ya fi ci a gaban wanda ke cin riba. In ba za ka iya faɗa ba, kada ka sa talaka ya buɗe maka ƙirjinsa.