Ranar da Inna ta Hau Dala

Inna ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye a gindin duwatsun Rano aka kawo ta Ƙofar Ruwa tana amarya, a nan kuma ta tsufa. Kullum tana hangen Dutsen Dala daga tsakar gidanmu, amma ba ta taɓa taka shi ba.

Da ta fita takabar Baba, wata rana bayan la'asar ta yafa mayafi ta tsaya a kaina. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana.

"Kai wannan, tashi ka kai ni kan dutsen can."

Na ce, "Inna, da wannan gwiwar?"

"Gwiwata ce ko taka?"

Muka hau adaidaita sahu zuwa gindin dutsen. Farkon damina ne, gari ya yi luf. Tana riƙe da kafaɗata muka kama matakalar, mu ɗan hau, ta zauna ta huta. Na ce mu koma, ta harare ni.

Da muka kai sama iska ta buge mu. Ga Kano nan shimfiɗe, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka, da hasumiyoyin masallatai, shirwa na shawagi. Na fara nuna mata unguwarmu, ba ta ko waiwaya ba.

Ta ce, "Ina kudu?"

Na nuna mata. Ta kare ido da hannu, ta daɗe tana dubawa.

"Ba a ganin namu."

"Rano da nisa, Inna."

Sai ta zauna a kan dutsen ta miƙe ƙafa. Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wai suna 'yan mata, ita da ƙanwarta kan hau dutsen ƙauyensu su shanya kuɓewa a kan fa. Akwai wani kwarmi a can sama da ruwan sama ke taruwa, mai sanyi kamar na randa. Daga nan sukan hango mahaifinsu a gona, su yi ta ƙwala masa kira, ba ya ji. Ƙanwar ta rasu wajen haihuwa tun ban yi wayo ba.

Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "In an yi kaka, ka kai ni."

Na ce to.

Ba ta ga kaka ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita ana tsakiyar damina, Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan sadakar arba'in na tafi ƙauyen ni kaɗai. Tun daga hanya nake jin ƙarar inji. Ashe masu fasa dutse sun cinye rabin dutsen su Inna, motocin tifa na ta kwasar tsakuwa. Na nufi hawa, wani mai gadi ya ce an hana.

A bakin hanya na tarar da wata tsohuwa tana sayar da dafaffiyar gyaɗa. Na gaishe ta, na faɗa mata sunan Inna da na kakana. Ta yi tunani, sannan ta girgiza kai.

"Ɗana, ka yi haƙuri, ban san su ba. Amma Allah Ya jiƙanta."

Ta cika mini hannu da gyaɗa. Na tsaya a inuwar darbejiya ina jiran motar Kano, na kasa ci.