Daƙiƙa Bakwai a Zaren Alhaji Maman

Har yau ban manta da ranar da na kai rikoda gidan Alhaji Maman a Vénissieux, kusa da Lyon, ba. A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina horon aikin rediyo a Paris. Ba a ba mutum takardar shaida sai ya haɗa shiri na minti goma, shugabar horon, Madam, ta saurara ta sa hannu. Ni aka ba ni shiri kan asalin Normawa, mutanen wani yanki na arewacin ƙasar.

A Yamai an koya mana cewa kafin ka naɗi shiri, ka karanta wa dattijon da bai shiga lakkol, wato makarantar boko, ba. Shi ya sa na hau jirgin ƙasa zuwa wurin Alhaji, ɗan kasuwa mutumin Damagaram.

Na karanta masa yadda Vikin, kakannin Normawa, suka zo daga arewa a jiragen ruwa suna kai hari ta kogin Seine, har a shekara ta 911 sarkin Faransawa ya yanka wa shugabansu ƙasa, da sharaɗin ya tare bakin kogi kada 'yan'uwansa su shigo.

"Malam Issa, ka wahalar da kanka," in ji shi. "Sarkin zango aka naɗa. A ba baƙo fili, a ce ya kula da masu zuwa bayansa."

Muka yi dariya. Sai ya tambaya, "To jikokinsu, wane harshe suka riƙe?"

Na ce Faransanci. Sun auri matan ƙasar, harshen kakanni ya tafi, sai sunayen wasu garuruwa suka rage.

Alhaji ya yi shiru, rikoda tana juyawa. Can ya ce, "Nawa yaran ma in na yi musu Hausa, da Faransanci suke amsawa."

Ƙa'idarmu ita ce shirun da ya wuce daƙiƙa uku a yanke shi da reza a manne zaren rikoda. Da na sa hirarmu a shirin, na auna shirunsa, daƙiƙa bakwai ne. Na bar shi, na kuwa san zai iya jawo mini maimaita horon.

Madam ba ta jin Hausa. Da tana saurare ta iso wurin shirun, ta tsayar da zare. "Wannan kuskure ne?"

Na fassara mata tambayar da abin da ya biyo bayan shirun. Ta mayar da zaren baya ta sake ji. Ta ce kakarta Banormiya ce, kuma ba ta san kalma ɗaya ta mutanen jiragen nan ba. Ta sa hannu.

Tun daga ranar, in ƙaramin ma'aikaci ya ɗauki reza, nakan ce ya fara gaya mini abin da mutumin yake tunani a wurin da zai yanke.