Kujerar Alhamis ta Sharafaddeen

Duk wanda ya san kasuwar Suk Arabi ta Khartum a shekarun da Sudan ta Kudu ta ɓalle, kaya suka yi tsada, soja kuwa na nan daram a kan mulki, zai iya tuna wani dogon bene mai matakala duhu a bayan masu gyaran waya. A can sama akwai wani ɗan kamfani na Ustaz Abdulganiyu, inda ake rubuta manhajar kwamfuta wa masu kantin magani, wadda ke gaya musu abin da ya rage a kanta da abin da ya kusa lalacewa. A nan Sharafaddeen ya yi zamaninsa. A nan kuma ya rasa kujerarsa, ba tare da kowa ya ture shi daga kanta ba.

Ɗan Omdurman ne. Mahaifinsa, Malam Ibrahimu, ya gaji da cirar auduga a gonakin Jazira, ya kwaso iyali ya zo birni, ya kafa tukubar agashe a bakin titi. Da hayaƙin naman nan aka yi wa Sharafaddeen karatu har jami'a. A gida Hausa yake yi, a titi Larabci, idan kuma ransa ya ɓaci sai ya haɗa su biyun a numfashi ɗaya. Mutum ne mai tsafta, mai son a gaishe shi da kyau. Kullum da safe ya hau motar haya ya ƙetara gadar Farin Nilu, takalminsa na ƙyalli kamar ba ƙura a garin.

To, ga yadda aikin nasu yake, ga wanda bai sani ba. Manhaja rubutu ce, layi bisa layi. Ma'aikata da yawa ke rubuta ta lokaci guda, kowa ya ɗauki kwafinsa ya yi gyaransa, daga baya a zo a haɗa. Idan wannan ya taɓa sama, wancan ya taɓa ƙasa, kwamfuta da kanta za ta haɗa, ba gardama. Amma idan mutum biyu suka gyara layi ɗaya, kowa ta tasa hanyar, sai ta tsaya cak, ta baje duka biyun, ta ce a zaɓa. Wannan shi suke kira karo.

A lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar ya sa wasu shafukan intanet na waje ba sa buɗuwa daga Sudan, wuta kuma ta zo ta tafi yadda ta ga dama. Saboda haka ma'ajiyar aikin kamfanin duka wata tsohuwar kwamfuta ce da ke gurnani a ƙarƙashin teburin Sharafaddeen, kuma shi kaɗai ke haɗa aikin kowa. Ranar Alhamis ake yi, bayan an tashi daga fatur, wato kalacin hantsi da ake zuba wake da burodi a babbar tasa kowa ya sa hannu.

Ai Alhamis ɗin nan abin kallo ce. Sharafaddeen zai wanke hannu, ya zauna, ya gyara tabarau. Duk mutum biyun da layinsu ya yi karo, sai su jawo kujera, ɗaya dama ɗaya hagu. A leƙa taga a kira Kubra mai shayi ta hawo da kofuna. Sannan ya ce, "To, Hadi, faɗi naka." Hadi ya faɗa. "Ibrahim Khalil, kai fa?" Shi ma ya faɗa. Sharafaddeen ya kurɓi shayi, ya dubi silin. Abin da zai yanke tuni ya gan shi tun kallon farko, amma ba zai faɗa ba sai shayi ya kai rabi. Har Ustaz Abdulganiyu, mai kamfani sukutum, idan yana son sanin ko kaya, wato sabon gyaran manhajar, za su fita, sai ya zo ya tsaya a bayan kujerar nan ya ce, "Bashmuhandis, muna ina?" Kalmar nan ta girmama injiniya, babu abin da ya fi ta daɗi a kunnen Sharafaddeen.

Shi da kansa ya kawo Wafa kamfanin. 'Yar ƙanwarsa Mawahib ce, da ke zaune a unguwar Alsahafa. Ta gama jami'a, ya kai ta gaban Ustaz Abdulganiyu ya ce, "Jinina ce, ka gwada ta." Yarinya mai shiru-shiru, ba ta ɗaga murya, idan kawunta na magana ba ta ko ɗaga ido.

Wafa ta zauna Alhamis bayan Alhamis tana kallo. Ta lura yawancin karon nan ba gardama ba ce ta gaskiya. Wani ya matsar da layi ciki kaɗan, wani ya bar shi. Wannan ya ƙara sunan magani a ƙarshen jeri, wancan ma ya ƙara nasa a wuri ɗaya, alhali duka biyun ake so. Wani karon kuma an raba shi makon jiya, ga shi ya dawo da kamanninsa. Sai ta rubuta 'yar manhaja da ke gane irin waɗannan ta haɗa da kanta, ta gwada ko aikin na tafiya, ta kuma riƙe yadda aka raba na baya ta maimaita. Ba sai Alhamis ba, duk lokacin da mutum ya turo aikinsa.

Ranar da ta nuna wa ofis, aikin da kan cinye yini ya ƙare kafin Kubra ta hawo matakala. Hadi ya buga tebur ya ce, "Ya salam! Wannan ai Hajja ce, tana raba faɗa ba ta shan shayin kowa!" Aka kwashe da dariya. Sunan ya bi manhajar daga ranar. Sharafaddeen ma ya yi dariya, amma iya haƙora.

Da ya koma gida, matarsa Lauratu ta ajiye masa abinci ta dube shi.

"Abban yara, wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To wannan fuskar ta mece ce? Mawahib ta bugo, sai murna take, wai Ustaz ya yabi Wafa a gaban kowa."

"Ya yabe ta. Ni da na yi shekara da shekaru ina raba su, ya taɓa tsayawa ya yi min tafi?"

"Au, tafi kake so? Miƙo kunnenka in yi maka."

"Lauratu, ke matar nan, ki bar ni in ci abinci."

Kishi ya shige shi kamar zazzaɓin da ba ya kwantar da mutum, ba ya kuma barinsa. Alhamis ta zo, ya wanke hannu, ya gyara tabarau, ba wanda ya jawo kujera. Yana jin Ibrahim Khalil daga can yana cewa, "Hajja ta haɗa, tamam." Yana ganin Ustaz Abdulganiyu ya wuce ta bayansa ya je ya tsaya a bayan Wafa. Abin da ya fi ci masa rai, Wafa ba ta yi girman kai ba. Da ta yi, da ya sami abin kamawa. Kullum da safe sai ta zo ta rusuna, "Kawu, ina kwana," ta koma wurinta.

Sai ya fara ɗana wa Hajja tarko. Ya shiga fayilolin mutane yana matsar da layi, yana sauya jerin abubuwa ba gaira ba dalili, don karo ya yi yawa ta rikice. Hajja ta haɗiye duka ba ta ko yi tari ba. Hadi ne ma ya ɗago kai wata rana ya ce, "Bashmuhandis, me ya kai ka ɗakina kana gyara min shimfiɗa?" Sharafaddeen ya ce tsafta ce. Hadi ya ce, "Allah Ya ƙara tsafta," yana ƙunshe dariya.

Amma akwai karon da Hajja ba ta taɓawa. Idan mutum biyu sun saɓa a kan ma'ana, wannan ya ce a fara sayar da maganin da ya fara shigowa, wancan ya ce a'a, wanda ya fi kusa da lalacewa, to wannan sai mutum. Wafa ta san haka sarai. Ta tsara cewa duk irin wannan, Hajja ta ajiye shi gefe ta aika wa mutum ɗaya saƙo ya zo ya yanke. Sunan da ta sa kuwa na kawunta ne. Ba ta faɗa a gaban mutane ba, don a ganinta rashin kunya ne 'ya ta tsaya a tsakar ofis ta ce ta ba kawunta aiki. Ta bari sai ta same shi a gida.

Shi kuwa a makon nan ne ya gaji da ganin saƙonnin Hajja na "an haɗa, an haɗa" suna faɗowa akwatinsa. Ya sa wa akwatin doka: duk abin da ya fito daga Hajja, ya wuce kwandon shara kai tsaye, ko buɗewa kada a yi. Ya ji sanyi a ransa, kamar ya rufe wa maƙiyi ƙofa.

Ranar Juma'a Wafa da uwarta suka ƙetaro daga Alsahafa. Bayan an ci abinci ta matso ta durƙusa kusa da tabarmarsa.

"Kawu, akwai wata magana ta Hajja..."

"Wace Hajja? Ni Hajja ɗaya na sani, ita ta haife ni da uwarki, tana maƙabarta."

"Kawu, saƙonnin da..."

"Wafa. Gidana ne nan. Maganar ofis a bar ta a ofis, khalas, shi ke nan."

Mawahib ta zungure ta da gwiwar hannu. Wafa ta koma wurin zamanta. A ofis ta sake gwadawa, ta zo ta tsaya gefen teburinsa, ya ce yana aiki. Ta rubuta masa a waya, ya ga kalmar Hajja a layin farko, ya kife wayar. Ba ta iya kama rigarsa, ba ta kuma iya kai ƙararsa wurin mai kamfani. Karon nan na gaskiya suka taru suna jira.

Har masu kantin magani suka fara bugo waya, ina sabon gyaran da aka yi musu alkawari. Ustaz Abdulganiyu ya fito daga ofishinsa da waya a hannu.

"Ya jama'a, me ya tsayar da mu?"

Wafa ta ce akwai karon da ke jiran hukuncin mutum.

"Wane mutum?"

Ta sunkuyar da kai. Sharafaddeen na can ya juya baya, zuciyarsa fari ƙal: yau dai Hajja ta gaza, yanzu za a zo a roƙe shi. Har ya fara gyara tabarau.

Ustaz ba mai jira ba ne. Ya ce, "Ba ni da lokaci. Hadi, zauna ka raba su. Wafa, daga yau duk irin wannan ya riƙa zuwa wurin Hadi." Ya koma ciki.

Hadi ya zauna, ya kira wannan ya kira wancan, kafin la'asar kaya sun fita. Da ya gama ya zo ya dafa teburin Sharafaddeen, ba da mugunta ba, shi dai bakinsa ba ya riƙe magana.

"Ya zol, mutumina, ashe kai Hajja ke ta kira tun makon jiya? Sunanka na gani a wurin, Wafa ta goge ta sa nawa. Na ɗauka ka ƙi ne."

Sharafaddeen ya dubi Wafa. Tana kallon allonta, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

Washegari ya shiga wurin Ustaz Abdulganiyu, ya rufe ƙofa, ya ce kuskure ne na akwatin saƙo, a mayar masa da aikinsa. Ustaz ya saurare shi har ƙarshe, don yana ganin girmansa.

"Ma'alesh, ka yi haƙuri, Bashmuhandis. Na faɗa a gaban mutane, kuma Hadi ya yi shi da kyau. In na karɓe yau, me zan ce ya yi? Amma ina da wani wurin da nake buƙatarka. Kantunan Omdurman sun yi yawa, suna son babban mutum da zai riƙa zagayawa yana sa musu manhajar, yana koya musu. Ga shi kusa da gida, ka huta da gada."

Haka aka yi. Aka ja tsohuwar kwamfutar daga ƙarƙashin teburinsa aka kai ƙarƙashin na Hadi. Sharafaddeen ya koma yawon kantunan magani daga Suk Omdurman zuwa Umbadda, da jaka a kafaɗa. Masu kantin suna son sa, don yana da haƙurin koyarwa, kuma ya yi shekaru a haka, ya aurar da 'ya'ya a haka. Da Wafa kuwa ba su taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

Sai dai duk Juma'ar da ta zo gaishe shi, bayan an tambayi lafiyar kowa har da maƙwabta, sai ya dubi wani wuri daban ya ce, kamar maganar ta faɗo masa ne kawai, "Shi wancan Hadin, yana dai iyawa?"

"Yana iyawa, Kawu."

"Ba ya gaggawa? Yaron nan akwai gaggawa."

"Ba ya yi, Kawu."

Sai ya juya cokali a kwano. Lauratu ta ce, "Ka ji dai, yana iyawa." Ya ce, "Na ji, ai ba kurma ba ne ni. Wannan miyar taki gishiri ya yi mata yawa."