Ranar da layinmu ya durƙusa

Jiya wata mota ta wuce ƙofar gidana da lasifika tana kiran jama'a su fito zaɓe, sai na ji dariya ta kama ni ni kaɗai. Bari in gaya maka dalili.

Ina 'yar shekara tara a lokacin. Damina biyu a jere ta yi mana gardama, gero bai cika rumbu ba, kuɗi ya zama takarda, rijiyar garinmu kuma ta ƙafe har Inna sai ta kai rafin ƙauyen gaba kafin ta sami tulu guda. A wannan shekarar ɗan hakiminmu, jinin sarauta gaba da baya, ya fito takarar majalisar dokokin jiha. Mahaifiyarsa 'yar garinmu ce, don haka a nan yake zaɓe. Ya yi alkawarin burtsatse, Baba kuwa ya dafa ƙirji a gaban dattawa cewa ko mutum ɗaya ba zai kuɓuce masa ba. Abokin takararsa ɗan kasuwa ne mai rabon shinkafa, kuma kowa ya san akwatinmu ne zai raba gardama.

Zaɓen lokacin na layi ne: ka tsaya bayan hoton gwaninka, malamin zaɓe ya bi yana ƙirga kawuna. Ni na riƙo hannun Kaka. Rana ta take, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, amma layinmu har ya kai gindin tsamiya. Zuciyata kamar ta faso don murna!

Malamin ya fara ƙirga kenan, sai ga ɗan takararmu, da muke ce wa ɗan sarki, ya sauko daga mota. Kafin ka ce me, layinmu kakaf ya zube ƙasa. Tsofaffi sun cire takalma, an dunƙule hannu, “Ranka ya daɗe” kawai kake ji.

Malamin, baƙo ne daga birni, ya ɗaga murya: “Wanda ba ya tsaye ba na ƙirga shi!”

'Yan ɗaya layin suka kece da shewa. Ɗan sarki ya yi ta roƙo a tashi, babu wanda ya motsa. Kaka ta ce, “Ɗan nan, yaushe talaka ya taɓa tsayawa ƙerere a gabanka?”

Sai ya tuɓe takalminsa, ya taka zafin nan, ya zagaya can ƙarshen layi bayan Baba. “To, Kaka, yanzu ba na gaban kowa. Ku tashi, don Allah.”

Kaka ce ta fara miƙewa, tana dafa kafaɗata. Ɗaya bayan ɗaya aka tashi, aka ƙirga, muka yi rinjaye da ƙyar. Guɗar matan garinmu har yau tana kunnena. Sau biyu ya je majalisa, burtsatse kuma ta zo tun kafin girbi na biyu.

Yanzu a ɓoye ake dangwala ƙuri'a, 'ya'yana kuma a tsaye suke gaisawa da kowane mai muƙami, har su miƙa hannu. Ban ce sun yi laifi ba. Amma ina kewar mutanen nan ƙwarai. Baba har ya bar duniya bai yarda ya taɓa juya wa ɗan sarki baya ba. In an tsokane shi sai ya ce, “Ku tambayi malamin zaɓe. A karkace ya ƙirga ni.”